Tambaya a kan raɗaɗin wanda ya yi haɗari yana kwance a asibiti

Ɗan Adar, Tawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Ƙanena ya yi haɗari da babur a kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa, ya karye a cinyar dama, haƙarƙarinsa kuma ya tsage a gefe ɗaya. Yanzu yana kwance a asibiti, an rataya wa ƙafar nauyi, ana jiran ranar da za a yi masa aiki. Da rana yakan ɗan samu sauƙi, amma idan dare ya yi ba ya runtsawa, gumi yana keto masa, numfashinsa ya zama gajere-gajere, kuma ko tari ya taso masa sai ya danne shi. Idan likita ya zo zagayen safe ya tambaye shi yaya jiki, amsarsa kullum ita ce da sauƙi, domin mahaifinmu yana zaune a gefen gado, mu kuwa a gidanmu namiji ba ya raki a gaban mahaifinsa.

An rubuta mana farasitamol da tramadol. Da kawunmu ya ga sunan na biyun a takardar magani sai ya hana a sayo, ya ce ai shi ne tramol ɗin da ya lalata samarin gari, gara yaron ya daure da ya fito asibiti da jarabar ƙwaya. Abin da nake son sani shi ne, shin akwai wata illa idan aka bar mutum ya daure wa irin wannan ciwo har ƙashi ya haɗe? Kuma shin maganar kawunmu tana da tushe? Sannan a daren da aka kawo shi an daɗe ba a ba shi magani mai ƙarfi ba, aka ce sai an gama duba cikinsa da kansa, ban gane dalilin hakan ba.

Mai sa barci, Yamai:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Aikina shi ne sa wa majinyata barci a ɗakin fiɗa da kula da su bayan sun farfaɗo, saboda haka zan fara da tambayarka ta farko, domin ita ce ta fi gaggawa.

Dauriya a irin halin da ƙanenka yake ciki tana da illa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka shi ne haƙarƙarin, tun kafin cinyar. Mutumin da haƙarƙarinsa ya tsage, duk lokacin da ya ja numfashi mai zurfi sai wurin ya soke shi, don haka jikinsa da kansa yake koyon jan numfashi kaɗan-kaɗan da danne tari. Idan aka yi kwanaki a haka, ƙasan huhu ba ya buɗewa yadda ya kamata, majina tana taruwa a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai ka ga wanda aka kawo da karaya ya koma jinyar ciwon huhu, da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, har a ɗage aikin da ake jira. Wannan ya fi yawa ga tsofaffi da masu shan taba, amma samari ma ba su tsira ba. Bayan haka, raɗaɗin da ba a kashe ba yana sa zuciya bugawa da sauri, yana ɗaga jini, yana hana barci da cin abinci, yana sa mutum ya sandare a kan gado ba ya ko juyawa, wanda hakan ke jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da gyambon kwanciya. An kuma lura cewa waɗanda suka sha matsanancin zogi a kwanakin farko ba tare da kulawa ba sun fi zama cikin haɗarin ciwon ya zauna musu watanni bayan raunin ya warke. Abin da muke nema ga mai tsagewar haƙarƙari shi ne ya iya jan numfashi ya cika ƙirji, ya iya yin tari yana rungume da matashi a gefen da ke ciwo. Idan ba zai iya waɗannan biyun ba, maganin da ake ba shi bai isa ba, ko da yana murmushi. Kuma kada kowa ya ɗaure masa ƙirji da rawani ko zane, domin ɗaurin yana ƙara hana huhu buɗewa.

Matsalar da ka ambata ta "da sauƙi" ita ce muke fama da ita kullum. Babu na'urar da ke auna zogi kamar yadda ake auna zafin jiki, dole sai da bakin majinyaci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke yi shi ne mu ce masa ya ba ciwon lamba daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma mafi tsananin da zai iya tunani. Daga 1 zuwa 3 mai sauƙi ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani. Ana tambaya sau biyu, lokacin da yake kwance shiru da lokacin da ya motsa ko ya yi tari, domin na biyun ne ke nuna gaskiyar lamari. Amfanin lambar a wurinmu har da wannan: saurayin da kunya ba za ta bar shi ya ce ciwo ya ishe shi ba, yakan iya cewa takwas ba tare da ya ji ya zubar da girmansa ba. Shawarata ita ce ka lallaɓi Baba cikin ladabi ya fita shan iska lokacin zagayen likita, kai kuma ka faɗa wa likitan abin da kake gani da dare.

Game da tsarin magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku tun 1986: a fara da irin su farasitamol, a hau zuwa irin su tramadol da kodin, sannan masu ƙarfi irin su mofin. An tsara su ne domin masu ciwon daji, waɗanda ciwonsu ke ƙaruwa da tafiyar lokaci. Wanda ya yi haɗari kuwa ciwonsa ya fi tsanani a farko, saboda haka daga sama ake farawa a riƙa saukowa. Ƙa'idoji biyu ne nake so ka riƙe. Ta farko, a sha magani a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, domin kashe zogin da ya riga ya kama jiki ya fi cin magani a kan tare shi tun bai zo ba. Ina zaton wannan ne ke faruwa da ƙanenka da dare, na yamma ya sake shi, na safe bai zo ba. Ta biyu, a haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kowanne a ba da shi daidai gwargwado, maimakon a ɗora wa guda ɗaya dukan nauyin. Farasitamol giram 1 kowace awa 6 ga babba mai lafiyayyar hanta, kada ya wuce giram 4 a yini, shi ne ginshiƙi, kuma mutane suna raina shi ne kawai don ana sayar da shi a kowane lungu. A kansa ake ɗora sauran.

Idan lambar ta kai 7 zuwa sama, maganin da ya dace shi ne mofin ta jijiya, miligiram 2 zuwa 3, a jira minti 5, a sake tambaya, a ƙara idan da buƙata, har ciwon ya sauko. Ana yin haka ma'aikaci yana tsaye yana ƙirga numfashi, da maganin karya shi, wato nalokson, a kusa. Akwai kuma ketamin, wanda kusan kowane ɗakin fiɗa a ƙasar nan yana da shi. Idan aka ba da ɗan kaɗan, ƙasa ƙwarai da wanda ake sa barci da shi, yana kashe zogi ba tare da ya danne numfashi ko ya saukar da jini ba, ko da yake wasu yakan sa su gane-gane na ɗan lokaci. Ga karayar cinya kuwa, abin da na fi so shi ne allurar da ake yi a matsematsi, a zuba maganin kashe zafi kusa da jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga cinya, ƙafar ta yi sanyi na awoyi da yawa alhali mutum yana cikin hayyacinsa. Ku tambaya ko akwai wanda ya iya ta a inda kuke.

Tambayarka ta ƙarshe tana da amsa biyu. Tsohuwar koyarwa ce cewa maganin ciwo yana ɓoye alamun rauni a ciki, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa ba ya sa likita ya kuskure gano cuta, hasali ma wanda ciwo ya lafa masa ya fi bari a taɓa shi da kyau. Amma idan ana zargin bugu a kai, ko jinin mutum ya yi ƙasa saboda zubar jini, taka-tsantsan yana da dalili, domin barcin magani yana iya rikicewa da suman da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa. Ko a nan ma, abin da ya kamata shi ne a zaɓi magani a rage yawansa.

Tsohon malamin makaranta, Tawa:

Ɗana, Allah ya sawwaƙe. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma ina so a yi wa kawunka adalci. Duk wanda ya zauna a garin nan ya ga abin da tramol ya yi wa ƴan kabu-kabu da leburori da masu aikin gona, ya ga yaron da ke cikin tafiya ya faɗi yana jijjiga, ba zai ga sunan nan a takarda hankalinsa ya kwanta ba. Ina roƙon masana su yi mana bayani filla-filla a kan wannan, domin kawun ba zai sauka daga ra'ayinsa don an ce masa likita ne ya rubuta ba. Ta fuskar addini kuwa babu saɓani, an umarce mu da neman magani, kuma haƙurin da ake ba da lada a kansa bai hana mutum faɗa wa likita inda ke masa ciwo ba.

Mai harhaɗa magunguna, Tawa:

Baba Malam, tsoron yana da tushe, kuma maganin ɗaya ne, ba zan ce muku daban ba ne. Bambancin yana ga yawa, da dalili, da tsawon lokaci, da kuma wanda ke sa ido. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, ba a wuce 400 a yini, ana ba da shi na ƴan kwanaki a janye. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ana sayarwa a tasha da bakin kasuwa akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, ƙarfin da ya wuce wanda aka saba rubutawa a asibiti, kuma masu shansa suna haɗiyar ƙwaya da yawa a yini, wata da watanni, don su ji ƙarfin aiki. Wanda ya sha na ƴan kwanaki saboda karaya, aka rage masa a hankali yayin da ciwon ke sauka, haɗarin kamuwarsa kaɗan ne. Inda ake samun matsala shi ne bayan sallama, lokacin da takardar likita ta ƙare mutum ya ci gaba da saye da kansa. A nan ne kawu zai yi amfani: ya riƙe maganin a hannunsa, ya riƙa bayarwa a kan lokaci, ya tabbatar an daina ranar da aka ce a daina.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata Ɗan Adar ya yi wa ƙanensa su biyu kaɗai, ba a gaban iyaye ba: shin yana shan tramol kafin haɗarin? Ba zargi nake yi ba. Wanda jikinsa ya saba, abin da ake ba kowa ba zai yi masa komai ba, kuma idan aka yanke masa gaba ɗaya zai shiga gumi da rashin barci da ciwon gaɓoɓi da gudawa, a ɗauka raunin ne. Likita yana buƙatar sanin wannan don ya daidaita magani, kuma sirri ne tsakaninsu. Haka kuma tramadol yana iya tayar da jijjiga, saboda haka ba a son shi ga mai farfaɗiya ko wanda ya bugu a kai, kuma tashin zuciya da jiri da yake sawa ne ke sa wasu su ƙi shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ɗakunan jinya shi ne ledar magungunan da ƴan dubiya ke kawowa. Wannan ya zo da dikulofenak, wancan da ibufurofen, wani da maganin mura wanda a cikinsa akwai farasitamol, a haɗa wa majinyaci duka ba tare da ma'aikata sun sani ba. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da jini fiye da lita 1 a cikin naman cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba, kuma ƙodar wanda ya yi irin wannan asara tana cikin wahala. Dikulofenak da ibufurofen a wannan lokaci suna iya durƙusar da ita, ban da gyambon ciki da ƙara zubar jini. Ni a ra'ayina a nisance su sam har a yi aiki.

Maganar mofin da Malam mai sa barci ya yi gaskiya ce, amma samunsa wani abu ne daban. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi ta ɗora wa ƙasashe abu biyu, hana karkatar da shi da kuma samar da shi ga marasa lafiya, sai dai a ƙasashe irin namu na farkon ne ya fi samun kulawa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa. Mofin ba shi da tsada; takardu da kabad mai makulli da tsoron ma'aikata ne ke tsare shi. Yuganda ta sassauta wannan tun 2004, lokacin da ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta mofin na ruwa.

Ɗan Adar, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi lambar bayan Baba ya tafi masallaci, ya ce idan yana kwance shiru 5, idan ya yi tari 9, kuma ya rantse mini bai taɓa shan tramol ba. Kawu ya amince da sharaɗin shi zai riƙe maganin. Yanzu wata magana ta taso: wasu dangi suna cewa tunda aikin yana jan lokaci a ɗauke shi a kai wa maɗori a ƙauye, wai da an ɗaure ƙafar ciwon zai tsaya. Sannan ina so in sani, idan magani ya kashe ciwon, ta yaya za mu gane in wani abu ya lalace a ciki?

Likitan ƙashi, Yamai:

Ɗan'uwa, kada ku ɗauke shi. Dangin naku sun faɗi rabin gaskiya, domin ƙashin da ya karye idan aka hana shi motsi ciwonsa yana raguwa sosai, kuma aikin da nauyin da aka rataya masa yake yi ke nan: yana jan naman cinya da ya ɗaure, yana hana bakin ƙasusuwan gugar juna. Ku riƙa dubawa ko nauyin yana reto a iska. Idan ya sauka ya taɓa ƙasa, ko igiyar ta zame daga kan ƴar tayar da take bi, ko majinyacin ya zame zuwa ƙarshen gado, jan ya daina aiki kuma ciwon zai dawo, sau da yawa abin da ke faruwa da dare ke nan ba wanda ya lura. Amma naman cinyar babban mutum ya fi ƙarfin kara da tsumma, shi ya sa karayar cinya da aka ɗora a gida takan haɗe a gajarce ko a karkace. Ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargon ƙashi, wanda likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara amfani da shi a 1939, shi ne ke ba mutum damar tashi zaune da wuri, kuma ga mai tsagewar haƙarƙari tashi zaune magani ne ga huhunsa. Ƙoƙarinku ya tafi wajen ganin an matso da ranar aikin.

Tambayarka ta biyu ita ce wadda nake so kowane mai jinya ya yi. Maganin da aka ba da daidai ba ya ɓoye matsala, domin ciwon da ke nuna wani abu ya lalace yana ratsa magani. Ciwon karaya yana raguwa kullum, yana tashi da motsi, yana lafawa da magani. Wanda ke ƙaruwa awa bayan awa, ya fi ƙarfin maganin da jiya ya isa, gaɓar ta kumbura ta yi tauri, idan aka miƙe yatsun mutum ya yi ƙara, ko ya ce yana jin tsikari da mutuwar jiki a wurin, wannan alama ce cewa kumburi ya matse nama a cikin kubensa har jini ba ya shiga. An fi ganinsa a ƙwauri da damtsen hannu na ƙasa, da kuma ƙarƙashin simintin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti ko ɗorin da aka tamke, kuma cikin kimanin awa 6 naman yana iya fara mutuwa. Ba ƙarin magani ake nema a nan ba, a kira likita ko ƙarfe nawa ne, a kwance ɗaurin, wani lokaci a tsaga fatar a saki naman. Yawancin hannuwan yara da muke yankewa bayan ɗorin gida ta wannan hanya suka lalace, yaro yana kuka ana ce masa ya daure.

Ku kuma lura da sabon ciwo ko kumburi a sharaɓa, da sarƙewar numfashi farat ɗaya, da ruɗewa ko sambatu a kwanaki ukun farko bayan karayar babban ƙashi, da ciwon ciki mai ƙaruwa, da ciwon kai tare da amai. Idan an ba shi mofin ko tramadol ya yi barcin da ba ya tashi da kira, ko numfashinsa ya gaza 10 a minti ɗaya, a kira ma'aikaci nan take.

Na ɗan saɓa da Hajiya mai magunguna a kan ibufurofen da ƴan'uwansa. A ranar farko da ta biyu ina tare da ita, haka kuma ga tsoho da mai ciwon ƙoda da mai gyambon ciki da mai juna biyu. Amma saurayin da jininsa ya daidaita, yana sha yana fitsari sosai, an tabbatar ba ya zubar da jini a ciki, ba shi na ƴan kwanaki yana taimakawa ƙwarai ga ciwon haƙarƙari, yana kuma rage yawan tramadol ɗin da kawu ke tsoro. Maganar cewa suna jinkirta haɗewar ƙashi ta fi shafar shan su na dogon lokaci. Likitan da ke ganinsa ne zai yanke wannan, bayan ya duba fitsarinsa da gwajin jininsa. Ku roƙa a riƙa ba shi maganinsa kimanin rabin awa kafin a gyara masa shimfiɗa ko a wanke rauni ko a kai shi hoto, a kuma haɗa masa da maganin sassauta ciki, domin tramadol da kwanciya suna taurara bayan gida, yunƙuri kuwa da tsagaggen haƙarƙari azaba ce da za a iya kauce mata.